Muryar da Liyatu Ta Bari

Saura kwana huɗu a ɗaura auren Tabita,
matan zumunta na Galmi sun kasa haɗuwa kan murya guda.
Rahila ta ce ƙarshen baitin hawa yake yi,
matar Iliya ta ce sauka yake, ta daki bakin tulu don shaida.
Suka juyo gaba ɗaya suna dubana.
Ni kuwa shekara talatin na yi ina kwana kusa da waƙar nan,
ban taɓa tunanin in riƙe ta ba.
Wa ke ajiye ruwa alhali rijiya na tsakar gidansa?

Liyatu ce ta ɗinka wa zaburar riga.
Ba ta rubuta ba, ba ta san ana rubuta murya ba.
A fadama ta yi ta, duƙe, lokacin dashen albasa,
laka har idon sawu.
Na karanta mata baitocin sau ɗaya da daddare,
inda ake kwatanta ƴaƴan gida da tsiron zaitun.
Ta ce, Nomau, mene ne zaitun?
Na ce itace ne na can ƙasarsu.
Ta ce, to ni dai irin albasa zan riƙa gani,
kore, a jere, kowa na jiran a ba shi wurinsa.
Da wannan ta rera ta a auren mutum goma sha tara.
Na ƙirga. Na ashirin shi ne na ɗiyarta,
ita kuwa damina biyu ke nan tana bayan majami'a,
ƙarƙashin adua.

Ran asabar aka cika maƙil.
Ɗan Bulus ya zo da molon turawa da akwatin kiɗa daga Tawa,
ya ce shi zai ja, mata su bi.
Arzika ango na ta share zufa da hular da ya aro.
Fasto ya buɗe baki ke nan, kuran ya ɗauke.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Shiru, har ana jin kamiyo na nishi a kan godoro
da buhunan da za su Kwanni.

Rahila ta ɗauko, ta saki.
Matar Iliya ta ɗauko, ta yi tari.
Tabita ta sunkuyar da kai cikin farin mayafi,
na ga kafaɗarta na rawa.

Sai murya ta shigo ta taga.
Gwaggo Zali ce, mai kwamin da ke maƙwabtaka da namu,
wadda ta zo da tabarmarta da carbinta
ta zauna waje gindin bedi, don ba ta shiga, kuma ba ta ƙin zuwa.
Ba ta san kalma ko ɗaya ba.
Hanci kawai ta sa, kamar mai lallashin jinjiri,
ta bi hanyar da ta ji shekara da shekaru ta tsallaken ɗan kunya.
Ashe ƙarshen baitin ba ya hawa, ba ya sauka,
tsayawa yake yi kaɗan,
daidai inda mai dashe ke miƙewa ta dafa ƙugu
kafin ta sake duƙawa.

Nan matan suka kama.
Tulu ya amsa, caki ya biyo,
kalmomin Dawuda suka sami ƙafa suka taka.
Ni da ban iya waƙa ba, sai na ji bakina na motsi.

Da aka fito na je in yi mata godiya.
Ta naɗe tabarma, ta ce la'asar ta kusa,
ta kuma ce in turo yaro gobe ya karɓi fartanyar Liyatu,
tun bara waccan take wurinta, ta kasa kawowa.